Ƙanƙara a saman ƙasar zafi: hatsarin da damina ke ɓoye wa ƙananan jiragen sama

Duk manomin da ya daɗe yana noma a Ɗan Kassari ya taɓa ganin ranar da hadari ya taso daga gabas, iska ta kaɗa, sai ga ƙanƙara tana zuba kamar tsakuwa, tana yayyage ganyen hatsi, tana buga kwanon ɗaki. Sa'a guda kafin nan mutane na neman inuwa saboda zafi. Ƙanƙarar nan shaida ce cewa a saman ƙasar Arewa, inda zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, akwai wurin da ruwa ke daskarewa kowace rana ta Allah. Ga manomi asarar gona ce. Ga matuƙin ƙaramin jirgin sama kuwa, maganar rai ce.

Wanda ya ja layi a taswira daga Yamai zuwa Maraɗi zai ga ya ratsa kusa da Dogon Dutsi da Ɗan Kassari. Jiragen da suka nufi Ƙonni da Galmi su ma ta wannan sarari suke bi. Da yawa daga cikinsu ba manyan jiragen alhazai ba ne. Ƙanana ne masu farfela: na ɗaukar marasa lafiya, na ƙungiyoyin agaji, na soja, na feshin fari da tsuntsaye. Su ne suka fi shiga hatsarin ƙanƙara, domin ba su da ƙarfin da za su haye can sama da gajimare, kuma ba dukansu ke da kayan narkar da ita ba.

Ina sanyin yake fitowa?

Iska tana ƙara sanyi gwargwadon nisanta da ƙasa. A matsakaici, kowace mita 1.000 da jirgi ya hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Ke nan idan ana digiri 30 a kasuwar Ɗan Kassari, jirgin da ya kai mita 4.500 zuwa 5.000 ya isa inda ma'auni ke nuna sifili. Gajimaren hadarin damina kuwa yana iya miƙewa har mita 15.000 ko fiye. Kashi biyu cikin uku na tsayinsa yana cikin sanyin da ya fi na firji.

Abin mamaki shi ne ruwan da ke cikin gajimare ba ya daskarewa da zarar ya kai sifili. Ɗigon ruwa mai tsabta, idan bai samu ƙwayar ƙura ko ta ƙanƙara da zai kama ba, yana iya zama ruwa har kusan digiri 40 ƙasa da sifili. Yana nan yana jiran abin da zai taɓa shi. Da fiffiken jirgi ya buge shi, nan take sai ya daskare ya manne. Mafi munin wuri shi ne tsakanin sifili da digiri 20 ƙasa da shi, wato daga wajen mita 5.000 zuwa 8.000 a sararin Nijar. A daidai wannan tsayi jirage masu farfela irin su King Air suka saba tafiya.

Mutane sukan ɗauka cewa idan akwai lokacin tsoron ƙanƙara to hunturu ne, tunda lokacin ake jin ɗari. Ba haka abin yake ba. Iskar hunturu busasshiya ce, damuwar matuƙi a watan Janairu hazo ne da ke hana shi ganin fili. Ƙanƙara tana buƙatar ruwa, ruwan kuwa damina ke kawo shi, daga Yuni zuwa Satumba.

Abin da take yi wa fiffike

Ba ƙarfin inji kaɗai ke riƙe jirgi a sama ba. Siffar fiffikensa ce ke sa iska ta bi ta kansa sumul, ta ɗaga shi. Idan ƙanƙara ta taru a bakin fiffiken, siffar ta lalace, iska ta hargitse, ɗagawar ta ragu. Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, tana koya wa matuƙa cewa ƙanƙarar da kaurinta da kaushinta bai wuce na takardar goge katako ba tana iya rage ɗagawar fiffike da kashi 30 cikin 100, ta ƙara turjiyar iska da kashi 40. Nauyinta ba shi ne babban laifinta ba, ɓata siffa ne.

Iri biyu aka fi sani. Akwai fara mai garin-gari, wadda ƙananan ɗigo ke haifarwa a wuri mai tsananin sanyi. Ana ganinta da wuri, kuma tana da sauƙin ɓamɓarewa. Akwai kuma mai sheƙi kamar gilashi, wadda manyan ɗigo ke haifarwa kusa da sifili: ruwan yakan malala baya kafin ya daskare, ya kama ƙarfe ƙam, wani lokaci a wurin da kayan narkarwa ba su kai ba. Wannan ta fi hatsari, kuma irinta gajimaren hadari ke ɗauke da ita.

Kowane jirgi yana da gudun da idan ya yi ƙasa da shi fiffike zai daina ɗaukarsa, ya sulluɓe. Matuƙi ya haddace wannan adadi tun yana makaranta. Ƙanƙara tana ɗaga adadin ba tare da ta faɗa masa ba, sai jirgi ya sulluɓe a gudun da ya saba ganin lafiya lau. Tana kuma kama farfela ta rage mata ja, ta rufe gilashin gaba, ta taru a ƙaramin fiffiken wutsiya, wanda matuƙi ba ya iya hangowa daga kujerarsa. A ranar 31 ga Oktoba 1994, wani jirgi mai farfela samfurin ATR 72 yana zagaye yana jiran izinin sauka a Shikago ta Amurka, ƙanƙara ta taru bayan robar da ke kare fiffikensa, ya juye ya faɗi kusa da garin Roselawn. Mutum 68 suka rasu. Ranar 9 ga Agusta 2024 wani ATR 72 ya faɗi a Vinhedo ta Barazil da mutum 62, kuma rahoton farko na masu bincike ya nuna alamun gargaɗin ƙanƙara sun kunna a cikinsa kafin faɗuwar.

Darasin daren 24 ga Yuli 2014

Wani zai ce waɗannan ƙasashe ne masu sanyi. Amma Sahel ma ta ga nata. Da ƙarfe ɗaya da kwata na daren 24 ga Yuli 2014, jirgin Air Algérie mai lamba 5017 ya tashi daga Wagadugu zuwa babban birnin Aljeriya. Samfurin MD-83 ne, hayarsa aka yi daga kamfanin Swiftair na Sifen, yana ɗauke da fasinja 110 da ma'aikata 6. Akwai babban hadari a kan hanya, matuƙan suka karkata don su kauce masa, suka hau mita 9.500. Bayan kusan rabin sa'a da tashi, jirgin ya tarwatse a yankin Gosi na ƙasar Mali. Ba wanda ya tsira.

Binciken da Mali ta yi tare da ofishin binciken hatsarin jirage na Faransa, BEA, wanda aka fitar a Afrilu 2016, ya nuna cewa ƙanƙara ta toshe ƴan bututun da ke auna ƙarfin injina. Na'urar da ke sarrafa mai ta ɗauka injinan suna ba da ƙarfi fiye da kima, sai ta rage. Gudun jirgin ya riƙa zubewa a hankali, daga kusan kilomita 540 a sa'a zuwa 370 cikin minti biyar da rabi, na'urar tuƙi kuma tana ta ɗaga hancinsa don ya tsaya a tsayinsa, har ya sulluɓe. Jirgin yana da kayan ɗumama waɗannan bututu, amma binciken ya gano ba a kunna su ba.

Masu binciken sun kawo wani abu mai ɗaukar hankali. Ranar 8 ga Yuni na wannan shekarar, ƴan makonni kafin hatsarin, wani MD-83 na kamfanin ya gamu da irin wannan matsala. Matuƙansa sun lura gudu yana raguwa, suka sunkuyar da jirgin, suka kunna kayan ɗumama, suka isa lafiya. Jirgi iri ɗaya, ƙanƙara iri ɗaya, bambancin kawai su sun farga da wuri.

Haka ya faru da jirgin Air France 447 da ya tashi daga Riyo zuwa Paris ya faɗa tekun Atalantika ranar 1 ga Yuni 2009 da mutum 228. A tsakiyar yankin zafi yake, ƙwayoyin ƙanƙara suka toshe bututun auna gudu na ɗan lokaci, matuƙan suka rikice. Wannan bututu, da ake kira Pito da sunan injiniyan Faransa da ya ƙirƙiro shi, kowane jirgi yana da shi, daga mai ɗaukar mutum 300 har mai ɗaukar mutum biyu. Bakinsa bai fi kaurin ɗan yatsa ba. Idan ya toshe, allon gaban matuƙi ya fara yi masa ƙarya. Idan abin ya ci manyan jirage masu matuƙa biyu da na'urori birjik, ina ga ƙarami mai matuƙi ɗaya?

Ƙanƙarar da ke cikin inji

Ƙananan jirage masu injin fistan, irin na koyon tuƙi da na feshi, ba kasafai suke kaiwa mita 5.000 ba. Duk da haka ba su tsira ba, domin tasu ƙanƙarar a cikin inji take haɗuwa, ko da rana tsaka, ko babu gajimare ko ɗaya.

Kowane mai gyaran babur ya san kafireto, wurin da mai da iska ke haɗuwa kafin su shiga inji. Ya kuma san cewa idan fetur ya zuba a hannu, sai a ji sanyi yayin da yake bushewa. Dalilin da ke sa ruwan randa ya yi sanyi ke nan: abin da ke tashi ya zama tururi yana tafiya da zafi. A cikin kafireto, fetur yana zama tururi, iska kuma tana matsewa ta wuce ta siririn maƙogwaro, abubuwan biyu suna iya sauke zafinta da digiri 20 zuwa 30 nan take. Idan iskar tana da laima, laimar ta daskare a bangon maƙogwaron, ta riƙa shaƙe shi sannu a hankali.

Littattafan FAA sun ce abin ya fi aukuwa idan zafi bai kai digiri 21 ba, laima kuma ta wuce kashi 80 cikin 100, amma yana iya faruwa har a digiri 38 da laima kashi 50. A ɗauki safiyar Agusta a Ɗan Kassari bayan ruwan dare: ƙasa a jiƙe, raɓa a kan wake, zafi bai fi digiri 23 ba. Jirgin da ya hau mita 1.000 kacal ya shiga tsakiyar yanayin da littafin ke gargaɗi a kai. Hatsarin ya fi yawa lokacin da aka rage wuta, wato wajen gangarowa don sauka, daidai inda babu sauran tsayin da za a gyara kuskure.

Alamar farko ita ce juyin inji ya ragu kaɗan ba tare da an taɓa komai ba, daga nan ya fara gargada, a ƙarshe ya mutu. Maganin yana hannun matuƙi: akwai maɓallin da ke tura iska mai zafi daga gefen salansa zuwa kafireto. Sai dai idan aka ja shi, injin yakan ƙara gargada na ƴan daƙiƙu, domin ruwan da ya narke yana ratsa shi. A nan matuƙi marar ƙwarewa ke tsorata ya mayar da maɓallin, alhali haƙuri kaɗan ya rage. Irin wannan hatsari yana ba masu bincike wahala, saboda kafin su iso ƙanƙarar ta narke, su tarar da inji lafiyayye.

Masu shiga gajimare da gangan

Akwai matuƙan da aikinsu shi ne su tunkari abin da kowa ke gudu. Burkina Faso ta fara shirinta na jawo ruwan sama, Saaga, a 1998. Mali ta biyo da nata, Sanji, a 2006. A watan Agusta 2022 Nijar ma ta gwada, inda ma'aikatar meteyo ta ƙasa ta yi aiki da kamfanin Ibi Air na Mali. Ɗaya daga cikin hanyoyin wannan aiki ita ce a watsa wani sinadarin azurfa a sashen gajimaren da ruwansa ya wuce sifili bai daskare ba, don ɗigon su samu abin kamawa, su yi nauyi, su zubo. Ruwan da ake nema ke nan, kuma shi ne ruwan da ke manne wa fiffike. Manomin da ya ji ƙarar jirgi a gefen hadari yana fatan ruwa, wanda ke cikin jirgin kuwa idonsa na kan bakin fiffikensa.

Masana sun daɗe suna nazarin gajimaren wannan yanki. A daminar 2006, ƙarƙashin babban shirin binciken damunar Afirka ta Yamma da ake kira AMMA, jiragen bincike sun riƙa tashi daga Yamai suna auna abin da ke cikin hadari. A Yamai ɗin ne kuma makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA take, inda ake horar da masu hasashen yanayi da masu ba jirage hanya na ƙasashe da dama, ga cibiyar AGRHYMET da ta ACMAD. Ilimin yana nan a gida. Abin da ya rage shi ne a yi aiki da shi kafin kowane tashi.

Yadda ake kare kai

Kariya ta farko tana ƙasa, a ofishin meteyo na filin jirgi. Matuƙi yana karɓar taswirar da ke nuna inda hadari yake, tsayin da sifili yake, da wuraren da ake tsoron ƙanƙara. Hadarin Sahel yakan taho a jere kamar bango daga gabas zuwa yamma, tsawonsa ɗaruruwan kilomita, yana gudun da ya kai na mota a kan hanyar laterit. Wanda ya tashi daga Yamai zuwa Maraɗi gaba da gaba zai yi da shi. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce a ba babban hadari tazarar kilomita 37 aƙalla, domin yana iya jefo ƙanƙara nesa da jikinsa, cikin sarari garau. Idan babu hanyar kewayewa, sai a jira. Yawanci cikin ƴan sa'o'i ya wuce.

Kariya ta biyu kayan jirgi ne. Wasu suna da baƙar roba a bakin fiffike, wadda ake hura wa iska ta kumbura ta fasa ƙanƙara. Wasu suna da wayar lantarki da ke ɗumama farfela, gilashi da bututun Pito. Wasu suna tsiyayar da wani ruwa mai hana daskarewa ta ƙananan huji. Jirgin da ba shi da takardar izinin shiga ƙanƙara, doka ta hana shi shiga inda aka san tana nan. Wanda yake da ita ma, kayan lokaci kawai suke saya masa don ya fita. Hatsarin Gosi ya nuna cewa kayan da ba a kunna ba daidai suke da babu.

Kariya ta uku ita ce saurin yanke shawara. Da an ga farin layi a bakin fiffike, ko gudu ya fara raguwa ba dalili, sai a sanar da masu ba da hanya, a juya ko a sauya tsayi, a kashe na'urar tuƙi a riƙe jirgin da hannu don a ji yadda yake amsawa. A nan Nijar tana da wata falala da ƙasashen Turai ba su da ita a lokacin sanyinsu: ƙarƙashin layin sifili akwai mita dubbai na iska mai ɗumi, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce. Tuddan Arewa ba su kai mita 400 ba, dutse mafi tsawo a ƙasar ma, wanda ke tsaunukan Bagzan a Abzin, mita 2.022 ne. Matuƙin da ya gangaro da wuri zai ji ƙanƙara tana ɓallewa da kanta. Amma falalar ga wanda ya farga ce tun jirgin yana hannunsa.

Rabon fasinja da na mutanen gari

Sau da yawa matsin da ke tura matuƙi cikin hadari daga kujerar baya yake fitowa. Babban mutum yana da taro da ƙarfe goma, ko iyalan marar lafiya sun ƙosa a kai shi asibiti, sai a riƙa cewa sama fes take, me ake jira? Sama tana iya zama fes a Yamai alhali bango ya tsaya tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni. Idan matuƙi ya ce a dakata, ba tsoro ba ne, abin da aka koya masa ke nan. Idan kuma ya juya da jirgi bayan an yi rabin hanya, godiya ya cancanta.

Mutanen karkara su ma da nasu. Ƙaramin jirgin da injinsa ya mutu ba faɗowa yake kamar dutse ba, yana iya lulawa ya nemi fili, ko gona, ko hanyar mota. Idan haka ta faru kusa da gari, abu na farko shi ne a sanar da jandarma da magajin gari. Kada a kusanci farfela ko da ta tsaya, kada a zo da taba ko wata wuta saboda mai, a hana yara taruwa, kada kuma a ɗauki ko ƙusa ɗaya, domin daga tarkacen ne masu bincike ke gano abin da zai ceci wasu gobe. Wanda ya ga ƙanƙara ta zuba a ranar, ko ya ji yadda ƙarar injin ta canza, shaidarsa tana da daraja, tunda ita ƙanƙarar ba ta jiran mai bincike.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutum 116 na daren Gosi sun tashi ne daga gari mai zafi kamar Yamai, a damina irin wadda ke sauka a Ɗan Kassari da Tibiri kowace shekara. Duk jirgin da zai ratsa sararin Arewa tsakanin Yuni da Satumba, ya kamata matuƙinsa ya san tsayin da sifili yake a ranar kafin ya tayar da inji, fasinjansa kuma su bar shi ya jira idan ya ce a jira.